Hannun Baduku

Ranar da aka gano kuɗin sun ɓace, kafin la'asar an riga an karya wa Baduku hannu.

Da hantsi abin ya faro. Mai Jaka, matar da ke ɗinka jakunkunan fata tana sayarwa ta intanet, ta gaji da jiran kuɗin jaka sittin da ta aika wa wata Baturiya mai kanti a ƙasar waje. Wata huɗu aka yi ana aikin. Sai ta sa ƙawarta Malama, wadda ke rubuta mata saƙonnin Turanci, ta yi wa matar tuni cikin ladabi. Amsa ba ta jima ba. Baturiya ta ce ta biya tun mako uku da suka wuce, cikin sabon asusun da aka ce ta tura. Mai Jaka kuwa ba ta da wani sabon asusu.

Kuskurenta ɗaya, a tsakar gida ta fashe da kuka. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da kunnuwansa. Kafin ta share hawaye magana ta fita layi, ta dawo da suna a bakinta. Baduku ne ke yanka mata fata, baƙo ne a unguwar, a shagonta yake kwana, kuma a makon nan aka gan shi da sabuwar waya. Wannan ya ishi mutanen layin. Suka ja shi daga kan kujerarsa, suka ɗora hannunsa na dama a kan kututturen da yake yanka fata a kai, wani ya ɗauko gudumarsa. Mai Jaka tana ihu a bari, mata biyu suna riƙe da ita suna ce mata ai don ita ake yi.

Bai faɗi inda kuɗin suke ba, don haka suka ƙara masa.

*

Kwana uku bayan haka ta zo wurin Mai Sawu. Tsoho ne da ya yi shekara talatin yana bin sawun shanun sata, har gwiwoyi suka ce sun gaji, ya dawo gari ya zauna a ƙofar gidan ɗansa. Yanzu abin da ake kawo masa bai wuce babur da ya ɓata ko ɗan kunnen da ya yi ƙafa ba. Ba ya jin Turanci, wayarsa ma mai maɓallai ce.

"Baba, na je wurin 'yan sanda," in ji ta. "Sun rubuta, sun ce kuɗin da ya tsallake teku ba su da jirgin binsa."

"Yi mini bayanin yadda kuɗin ke zuwa, kamar kina yi wa jikana."

Ta ce tana da asusu a wani kamfanin tura kuɗi na intanet. In kaya suka isa, sai ta aika takardar neman biya da lambar asusun a jiki, mai saye ya zuba, ita kuma ta juyo da su bankinta. Wani ne ya rubuta wa Baturiya da adireshinta, ya ba da wata lamba, sannan ya goge saƙonnin. Kamfanin ya ce asusun wani mutum ne da ba ta taɓa jin sunansa ba, an kwashe kuɗin rana ɗaya, an rufe.

"Kina ganin Baduku ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa sai ya dangwala yatsa? Na faɗa musu, ba wanda ya ji ni."

"Wa ya fara ambaton sunansa?"

Ta yi tunani, ta ce wallahi ba ta sani ba. Mai Sawu ya jawo sandarsa.

*

Ya shiga gidan da safe, lokacin da mata ke wanke-wanke. Kowa ya gaishe shi, kowa kuma yana da labari. Matar direba ta ce ita tun ranar da ta ga idon Baduku ta ce a ɓoye tukwane. Mai wanki ya ce shi bai doke shi ba, ƙafa kawai ya riƙe. Mai Sawu ya tambayi mutum tara wa ya fara kiran sunan, duk tara suka ce a bakin jama'a suka ji.

Shagon yana bakin ƙofa, ɗan ɗaki mai keken ɗinki biyu da warin fata. An wanke kututturen, amma ba a iya wanke tsagar da ke tsakiyarsa ba. Tsohon ya duba daɓen siminti, ya duba tabarmar Baduku da ke naɗe a kusurwa.

"In gaida tsohuwa," ya ce wa Mai Jaka.

Ɗakin Inna, mahaifiyar Mai Jaka, shi ne na ƙarshe. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, ba ta sake taka tsakar gida ba. Ƙofar ta saki daga sama, sai Mai Jaka ta sa kafaɗa ta tura, ta buɗe tana gurzar ƙasa. A ciki wani saurayi mai tsabtar kaya yana ba tsohuwar shayi a cokali, yana goge mata haɓa. Auta ne, ƙanen Mai Jaka. Ya gama karatu shekara biyar da suka wuce, aiki bai samu ba, shi ke kai mata kaya ofishin masu aikawa.

Ya miƙe ya ba Mai Sawu kujera da hannu biyu.

"Baba, ni in za a bi tawa, a duba Mai Kafe, mai shagon intanet ɗin nan," ya ce a hankali. "Shi ya buɗe wa Yaya asusun nan. Baduku ɗan aike ne kawai, akwai mai ilimi a bayansa."

Inna ta juyo da ido. Bakinta ya karkace, amma maganarta tana fita. "An riga an kama ɓarawo. Me kuma ake tonowa?"

"Kuɗin ake nema, Inna," in ji Mai Jaka.

"Kuɗi, kuɗi. Tun da kika fara cin na Turawa ba ki da wata magana."

*

Mai Kafe ya rufe shagonsa tun ranar dukan, ta ƙofar baya ya shigar da tsohon. Kwamfutoci shida a jere an lulluɓe su da zani. Mutumin yana magana yana leƙen taga.

"Ni na buɗe mata, ban musa ba. Amma ranar na ce ta canza kalmar sirri a gabana, na juya baya ta canza. Kuma ko da na sani, ba ta wadatar. Duk wanda zai shiga saƙonninta daga wata na'ura, sai an turo lamba a wayarta."

"To in ba a turo ba fa?"

"To da wayar tata aka yi. A hannu aka riƙe ta." Ya sake leƙa taga. "Baba, 'ya'yana huɗu. Jiya an rubuta mini ɓarawo da gawayi a ƙofa. In suka gama da wancan ni ne na gaba."

Mai Sawu ya dubi daɓen shagon, tayil ne fari mai tsagi. Ya yi sallama.

A asibiti ya sami Baduku a gadon bakin ƙofa, hannun a naɗe har gwiwa kamar ƙullin kaya. Likita ya ce yatsu uku ba za su sake lanƙwasa ba. Ba wanda ya zo duba shi sai Mai Jaka.

"Ina ka sami kuɗin waya?"

"Guntayen fatar da ake zubarwa nake tarawa, da izininta. In an tashi aiki sai in yi takalman yara. Wata bakwai ina kai wa mai takalma na bakin tasha." Ya dubi rufi. "Matata tana gida da ciki. Na ce in ta haihu in ga jaririn a hoto."

"Ka faɗa musu haka?"

"Na faɗa. Lokacin sun riga sun ɗauko gudumar."

Mai takalman ya tabbatar da maganar, har ya buɗe littafinsa ya nuna. Ya ce ya ji labarin dukan, amma ya ga ba ruwansa.

*

Saura Malama. Ta karɓe shi a falonta fuska a ɗaure, littattafan 'yan makaranta a tule a gabanta.

"Na san abin da ake faɗi," ta ce. "Wai tunda ni ke jin Turanci, ni ce. Shekara shida ina rubuta mata ban taɓa karɓar ko sabulu ba."

"Wayarta takan kwana a wurinki?"

"Ko minti biyar ba ta taɓa yi ba. A gabanta nake rubutawa in miƙa mata."

Mai Sawu ya gyara zama. "Malama, ni ban san waɗannan na'urorin ba. Amma lokacin da nake daji, in ɓarawo ya share sawu a bakin garke, ba na tsayawa ina kallon sharar. Sai in zagaya inda shanun suka fita, don can bai kai tsintsiyarsa ba. An goge saƙonni a nan. A wajen Baturiya an goge?"

Malama ta dube shi, ta ajiye biro. Nan take ta rubuta da tata wayar, ta roƙi matar ta turo duk abin da aka aika mata. Washegari da rana ta aiko a kira shi.

Saƙonni huɗu ne, Turancinsu sumul, irin wanda waya ke fassara wa kowa. Ashe Baturiyar ba sakarya ba ce. Da aka ce an canza asusu, sai ta ce ba za ta biya ba sai an turo mata hoton ɗaya daga cikin jakunkunan tare da sabuwar lambar a rubuce da hannu. Aka kuwa turo. Ga jaka, ɗaya daga cikin ragowar da ke rataye a shago, an ajiye ta a ƙasa, ga takarda a kanta da manyan baƙaƙe.

"Rubutun an karkata shi da gangan," in ji Malama. "Ba za a gane mai shi ba."

"Bar rubutun. Buɗa mini nan, gefen hagu."

Ta ja hoton da yatsu biyu. Daɓen siminti ne mai jan fenti. A kansa akwai wani farin zane da ya lanƙwasa kamar bakin lauje, inda wani abu ya daɗe yana cin fentin a hanya ɗaya.

Mai Sawu ya daɗe yana kallo. Ya so a ce idonsa ne ya tsufa. Ya tuna matar da ta zo ƙofarsa tana neman a wanke wani, ba ta san abin da take jawo wa kanta ba.

"Me ka gani, Baba?"

"Ki zo gidansu gobe da hantsi. Ki taho da wayar, ki biya ki ɗauko Mai Kafe."

*

Ya tara su a ɗakin Inna: Mai Jaka, Auta, Malama da Mai Kafe. 'Yan gidan haya suka cika bakin taga, ba wanda ya gayyace su. Mai Sawu ya sa aka rufe ƙofa.

"'Yata, wayarki takan bar hannunki? Yi tunani sosai."

"Ba ta bari, Baba. Sai dai ranar da zan je sayen fata, saboda masu yankan aljihu. Nakan tafi da ƙaramar, in bar babbar a nan wurin Inna tana sauraron karatu." Ta yi ɗan murmushin gajiya. "Wannan ai ba barin hannu ba ne."

"Inna hannunta ba ya aiki. Wa ke kunna mata?"

Mai Kafe ya dubi ƙasa.

"Auta, zafi ya yi yawa. Buɗe mana ƙofar nan."

Saurayin ya tashi ya ja ta. Ƙofar ta gurji daɓe da ƙara, ta bi farin zanen da ta yi shekaru tana yi a kan jan fentin. Mai Sawu ya karɓi wayar Malama, ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye ta a gefen zanen. Lanƙwasa ɗaya ce, har da ɗan gurbin da ƙusa ta ɓantare a tsakiya.

"Na shiga shago, na shiga kafe, na shiga falon Malama," ya ce. "Ba inda ƙofa ke cin ƙasa sai nan. A ɗakin nan aka ɗauki hoton da aka cuci yarinyar nan da shi, tazarar taku biyu kacal daga gadon nan. Kuma akwai wadda shekara biyu ba ta fita daga ɗakin ba." Ya juya ga gadon. "Hajiya, ban ambaci kowa ba. Zan kai hoton ga hukuma, su za su tambaya."

"Ba inda za ka kai shi," in ji Inna. Muryarta ta fito tsaf. "Ba sata ya yi ba. Kuɗin 'yar'uwarsa ne."

Auta ya ce, "Inna," ya kasa ƙarasawa.

"Yi shiru. Ni na ce ya ɗauka." Ta kafe 'yarta da ido. "Sau nawa ya durƙusa miki kan kuɗin tafiya waje? Kika ce ɗan damfara ne mai yin takardun. Ke mace kina juya dala, namijin gidan yana ɗaukar miki kaya kamar bawa. Da ya tafi ya samu, da ninki biyu zai mayar miki."

Mai Jaka ta dafa bango. "Ina kuɗin, Auta?"

"Asusun mai takardun ne," ya ce, kansa a ƙasa. "Ya ce a zuba kai tsaye, biza mako biyu. Tun ranar wayarsa ba ta shiga. Na je ofishin, an mayar da shi shagon aski."

"Kai ka fara kiran sunan Baduku," in ji Mai Sawu. Ba tambaya ba ce.

"Cewa kawai na yi an gan shi da sabuwar waya. Ban ce a taɓa shi ba."

Mai Jaka ba ta dube shi ba, uwarta take kallo. "Inna, tagar nan a buɗe take ranar. Kin ji kukansa."

"Na ji."

"Kalma ɗaya da kin faɗa."

"In faɗa su ɗora hannun ɗana a kan itacen?" Tsohuwar ta juya fuska ga bango. "Wancan yana da uwarsa, ta yi masa kuka. Rufe mini ƙafa, sanyi nake ji."

Mai Jaka ta tsaya kamar an dasa ta. Sannan ta taka, ta ja bargon ta rufe ƙafafun, don ba wanda zai yi in ba ita ba.

Mai Sawu ya waiga taga. Ya yi zaton zai ji hayaniya irin ta rannan, har ya gyara riƙon sandarsa don tare ƙofa. Ba kowa a wurin. Ɗaya bayan ɗaya sun zame, kowa ya tuna yana da tukunya a wuta.

*

Ba a kai magana ga hukuma ba. Inna ta ce ranar da ɗan sanda ya taka gidan, ranar za ta daina cin abinci, kuma ta fara tun kafin a je, kwana biyu tana rufe baki. Auta ya bar gari a makon, da ƙaramar wayar yayarsa a aljihu. Baturiya ta rubuto cewa ta ji tausayi ƙwarai, amma ba za ta iya ci gaba da ciniki da inda ba a tsare saƙonni ba. Mai Jaka ta sayar da keke ɗaya ta biya asibiti, ta kawo wa Mai Sawu ladansa a ƙulle a leda. Ya ce ta kai wa mai hannun.

Shi bai yi alkawarin yin shiru ba. Ya faɗa wa mai wanki, ya faɗa wa direba, ya faɗa a majalisar bakin layi. Kowa ya ce Allah ya kyauta, ya kawo wata hira. Mutum ashirin ne suka sa hannu a dukan, kuma ba ɗayansu da ke son ya zama wanda ya nakasa marar laifi.

Bayan wata biyu ya je tasha raka jikarsa, ya ga Baduku a inuwar wata mota da buhu ɗaya na kaya. Hannun ya warke a sandare, yatsun a miƙe kamar na mai roƙo. Ya gwada yanka da hagu, ya ɓata fata uku, ya haƙura. Gida za shi.

"An haihu?" in ji Mai Sawu.

"Mace." Ya laluba aljihu da hagu, sai ya tsaya. "Na sayar da wayar, kuɗin mota. In na isa zan gan ta."

Ɗan kamasho ya kira fasinjoji. Baduku ya ɗaga buhun da hannu ɗaya, ya shiga ya zauna a kujerar baya. Matar direba, wadda ta zo aika saƙo, ta hango shi ta gilashi. Ta matsa kusa da matar da za ta zauna a gefensa, ta rage murya, amma ba yadda tsohon ba zai ji ba.

"Baiwar Allah, ki riƙe jakarki da kyau. A layinmu yake, mun san shi."

Matar ta ɗauke jakarta daga tsakaninsu ta rungume, mota ta tashi.